Tarihin Oba Ovonramwen, sarkin da aka kwashe taskar fadarsa

A duk lokacin da aka tayar da muhawara kan mayar wa Najeriya kayayyakin tarihin Benin da ke gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka, sunan Oba Ovonramwen Nogbaisi ne ke fara fitowa.

Ovonramwen ya gaji mahaifinsa, Oba Adolo, a shekarar 1888, a masarautar Benin da ke jihar Edo ta yanzu.

A wancan lokaci 'yan kasuwar Birtaniya na ƙorafin cewa sarkin ya riƙe hanyoyin cinikin manja, duk da yarjejeniyar da aka ƙulla da shi a 1892.

A watan Janairun 1897, muƙaddashin ƙaramin jakadan Birtaniya, James Phillips, ya nufi birnin da tawagarsa, duk kuwa da saƙon da aka aika masa cewa ya dakata saboda sarkin na cikin wasu bukukuwan al'ada.

Dakarun Benin sun yi wa tawagar kwanton ɓauna, inda Turawa biyu kacal suka tsira.

Bayan 'yan makonni, sojoji kimanin 1,200 a ƙarƙashin Harry Rawson suka kame birnin, wanda daga bisani gobara ta cinye shi. Sun kwashe dubban kayayyakin tagulla da na hauren giwa daga fadar, aka kuma sayar da da dama daga cikinsu a Turai.

Ga mutanen Benin, waɗannan kayayyaki ba ado ba ne kawai: a jikinsu ne aka adana tarihin sarakunansu da yaƙe-yaƙensu.

Ovonramwen ya miƙa kansa a watan Agustan 1897. Ko da yake shaidun da aka saurara sun ɗora alhakin harin a kan wasu hakimansa, an tuɓe shi, aka kai shi Kalaba, inda ya mutu a 1914 ba tare da ya sake ganin birninsa ba. A shekarar ce aka naɗa ɗansa, Eweka na Biyu.

Sai bayan fiye da ƙarni guda kayayyakin suka fara komawa gida da yawa. Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar fiye da 1,000 a 2022, Holan kuma ta mayar da 119 a 2025.

Sai dai gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan, mai kimanin 900, ya daɗe yana kafa hujja da wata dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da su.

A cikin gida ma an yi ta jayayya kan wanda ya kamata ya riƙe su, gwamnati ko fada. A 2023, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ayyana Oba Ewuare na Biyu, wanda ya fito daga zuriyar Ovonramwen, a matsayin mai su.