John Muir: Makiyayin da Ya Tsaya wa Duwatsu da Tafkuna

A shafinmu na tarihin mashahuran mutane, wannan makon mun kawo muku labarin wani mutum da ya ƙarar da rayuwarsa yana yawo a ƙafa a kan duwatsu. Sunansa John Muir.

Za mu fara da wani tafki. A jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai gandun daji mai suna Yosemiti. A cikinsa akwai tafkin Katidiral, wanda yake can saman duwatsu, fiye da mita 2,800 daga matakin teku. Mota ba ta zuwa bakinsa. Mutum zai ɗauki ruwa da guzuri da safe, ya bi wata siririyar hanya cikin itatuwa, ya yi ta hawa har ya isa. Zuwa da dawowa kusan kilomita 12 ne, ana yin su a wuni ɗaya. Ruwan tafkin garai-garai yake, ga sanyi, domin narkakkiyar ƙanƙara ce take cika shi. Hanyar da ake bi zuwa wajen wani yanki ne na wata doguwar hanya da aka sa wa sunan John Muir. To, me ya yi har ya samu wannan girma?

An haife shi ranar 21 ga Afrilu, 1838, a garin Dunbar na ƙasar Sikotilan. A 1849, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, iyayensa suka ƙaura zuwa jihar Wiskonsin ta Amurka suka kama noma. Mahaifinsa mutum ne mai tsanani ƙwarai. Ya sa shi ya haddace babban ɓangare na Littafi Mai Tsarki na Kirista, kuma yana sa shi aikin gona daga safe har dare. Da yake ba shi da lokacin karatu da rana, sai ya riƙa tashi da ƙarfe ɗaya na dare. A wannan lokacin yake karatu, yake kuma sassaƙa agoguna da katako. Har wani gado ya ƙera wanda idan lokacin tashi ya yi sai ya karkace ya sauke mai barci a kan ƙafafunsa. Mu da muke zuwa a makare, da irin wannan gado ya yi mana amfani.

Daga baya ya shiga Jami'ar Wiskonsin, ya koyi ilimin tsirrai da na duwatsu, amma bai tsaya ya karɓi digiri ba. Ya sami aiki a wata masana'anta da ake ƙera ƙafafun keken doki a birnin Indiyanafolis. A nan ne, cikin 1867, wani ƙarfe mai tsini ya suɓuce daga hannunsa ya soke shi a idon dama. Ba da daɗewa ba ɗaya idon ma ya daina gani. Ya yi makonni kwance a ɗaki mai duhu, bai san ko zai sake gani ba. Da Allah ya mayar masa da ganinsa, sai ya bar aikin masana'anta, ya ƙudura cewa sauran kwanakinsa zai yi su ne yana kallon halittun Ubangiji.

A shekarar ya kama hanya a ƙafa zuwa jihar Filorida, tafiyar kusan kilomita 1,600. A can zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Da ya warke ya shiga jirgin ruwa, ya isa Kalifoniya a 1868.

A 1869 wani mai dabbobi ya ɗauke shi aiki, ya raka garken tumaki wajen dubu biyu zuwa makiyayar da ke saman duwatsun Siyera Nebada. Duk lokacin da ya samu sarari sai ya ɗauki burodi da ganyen shayi da littafin rubutu, ya tafi shi kaɗai ya ga tafkuna. A watan Satumba na shekarar ya hau ƙololuwar dutsen Katidiral, wanda yake tsaye a kan tafkin da muka ambata. A wannan kiwon ne kuma ya ga ɓarnar da tumaki suke yi idan sun yi yawa. Suna cinye ciyawa da furanni, suna tattake ƙasa, har ya kwatanta su da fara.

Muir ya so ya san yadda aka yi tafkuna suka samu a saman duwatsu. Ya lura da yadda duwatsun suke sumul, da wasu zane-zane a jikinsu kamar an ja wani abu mai nauyi a kai. Sai ya ce aikin ƙanƙara ne. A zamanin da, dusar ƙanƙara ta taru ta daskare ta zama kamar kogi mai tafiya a hankali. Tana tafiya tana gurzar dutse tana haƙa ramuka. Da ta narke sai ruwa ya cika ramukan. Babban masanin duwatsu na jihar, Josiah Whitney, ya raina wannan magana saboda daga makiyayi ta fito. Amma a 1871 Muir ya gano irin wannan kogin ƙanƙara da bai gama narkewa ba a cikin duwatsun. Yau masana sun yarda cewa ƙanƙara ta yi babban aiki wajen sassaƙa Yosemiti. Gani ya kori ji.

Ya yi aure a 1880, ya haifi 'ya'ya mata biyu. Ya riƙa rubutu a mujallu yana roƙon gwamnati ta kare wajen daga masu saran itace da kiwon da ya wuce kima. A 1890 aka mayar da Yosemiti gandun daji na ƙasa. A 1892 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Sierra Club, ya shugabance ta har ƙarshen rayuwarsa. A 1903 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya je Yosemiti ya kwana uku a daji tare da shi.

Abin da ya fi burge mu shi ne, yana da shekara 73 ya zo Afirka don ya ga itacen kuka da idonsa. Ya gan shi a kusa da magangarar ruwa ta Biktoriya a 1912. Kukar da muke wucewa kullum ba mu ko ɗaga kai, ita wani ya ƙetare teku ya zo gani.

Amma ba kullum ya yi nasara ba. Birnin San Faransisko ya nemi a gina madatsar ruwa a kwarin Hetch Hetchy da ke cikin gandun. Mutanen birnin suna bukatar ruwan sha, shi kuma yana ganin idan aka nutsar da kwari ɗaya, babu gandun da zai tsira. Ya yi shekaru yana faɗa, amma a 1913 gwamnati ta amince a gina. Ya rasu da ciwon huhu ranar 24 ga Disamba, 1914, yana da shekara 76. Yau kwarin yana ƙarƙashin ruwa.

Yana da nasa kuskuren. Tun kafin zuwansa akwai 'yan asalin ƙasar da suke zaune a Yosemiti, waɗanda aka kora da bindiga a 1851. Tafkin Tenaya da ke cikin gandun sunan sarkinsu yake ɗauke da shi. A wasu rubuce-rubucensa Muir ya yi musu kallon raini. A 2020 ƙungiyar da ya kafa ta fito fili ta amsa cewa hakan bai dace ba.

Mun koyi cewa tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ba a raina maganar mutum don sana'arsa. Muna roƙon malamanmu, idan za a shirya yawon buɗe ido na wannan zango, a kai mu mu hau dutse, kowa da littafinsa da fensir. Mu kuma mun yi alkawarin ba za mu bar ko leda ɗaya a can ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta, ɓangaren ƙaramar sakandare.