Ogustin na Hippo, ɗan Afirkan da ya koyar da Kiristoci batun zunubi da alheri

A maƙwabciyarmu Aljeriya, a garin Tagaste da yau ake kira Souk Ahras, aka haifi Ogustin a shekarar 354, zamanin mulkin Rumawa. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce, shi kuwa da ya tasa sai ya bi son ransa. Ya yi karatu a Kartaj, kusa da Tunis ta yau, ya samu ɗa ba tare da aure ba, ya shafe kusan shekara 9 cikin addinin Mani.

A littafinsa na ikirarin zunubai ya ba da labarin yadda, yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka sace ƴaƴan itacen wani maƙwabci. Ba yunwa suke ji ba, aladu ma suka zubar wa. Wannan ya daɗe yana damunsa: me ke sa mutum ya so laifi don kawai laifi ne?

A Milan ta Italiya ya ji wa'azin bishop Ambroz, aka yi masa baftisma a 387. Ya dawo Afirka, daga baya ya zama bishop na Hippo, wato Annaba.

Koyarwarsa ita ce, tun faɗuwar Adamu ɗan Adam ke gadon zunubi, zunubin kuma ya raba shi da Allah, har nufinsa ya raunana. Kenan mutum ba ya iya ceton kansa da ƙoƙarinsa, sai Allah ya fara miƙo masa hannu da alheri ta wurin Almasihu, kyauta, ba ladan aiki ba.

Wani malami daga Birtaniya, Pelajiyus, ya ƙi yarda. A ganinsa mutum na da ikon yin biyayya, in kuma aka ce ba shi da shi, to an ba malalata hujja. Ogustin ya kare cewa ayyukan kirki wajibi ne, amma alheri ke haifar da su. Taron bishop-bishop na Kartaj a 418 ya yi watsi da ra'ayin Pelajiyus.

Ogustin ya rasu ran 28 ga Agusta 430, mayaƙan Bandal na kewaye da Hippo. Bayan fiye da shekara 1000, Martin Luther ya taso daga ƙungiyar masu bin ƙa'idarsa, kuma har yau Katolika da Furotesta na karanta littattafansa.