Mu Tuna Da Arthur Ashe, Mu Daina Zargin Marasa Lafiya

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ba 'yan'uwana masu karatu tarihin marigayi Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka, gwanin ƙwallon tanis, wato wadda mutum biyu ke bugawa da faifai, raga na tsakaninsu.

An haife shi a garin Richmond a 1943, zamanin da ake hana baƙar fata wasa a fili ɗaya da Turawa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida. Mahaifinsa ke kula da wani filin wasa na baƙar fata, a nan yaron ya koya. Da haƙuri da naci ya ci babbar gasar Amurka a 1968, ta Ostareliya a 1970, sannan ta Wimbledon a Ingila a 1975, inda ya kayar da Jimmy Connors.

Bai manta da Afirka ba. A Kamaru ya ga yaron nan Yannick Noah a 1971, ya yi masa hanyar zuwa Faransa, har yaron ya zama zakara a 1983. A 1976 kuwa yana tsakiyar wasa a Legas, kwana uku bayan kashe Janar Murtala, sojoji suka shigo da bindigogi suka tashi wasan. A 1985 an kama shi a Washington wajen zanga-zangar ƙin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ciwon zuciya ya raba shi da wasa, kuma wajen tiyata a 1983 aka ƙara masa jini mai cutar ƙanjamau. A 1992 ya faɗa wa duniya, ya ƙare kwanansa yana wayar wa jama'a kai, har ya rasu ran 6 ga Fabrairu, 1993, yana da shekara 49.

Jama'a, a kasuwarmu na ga an ƙaurace wa rumfar wata baiwar Allah saboda wannan ciwo, ana ta yi mata mugun zato. Shin mun san ta inda ta same shi? Sayen gishiri a hannunta ba ya sa wa kowa cuta. Yau akwai maganin da ke danne ta, amma tsoron bakinmu ke hana mutane zuwa gwaji. Mu ji tsoron Allah, mu kama bakinmu.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan tireda, Kano.