Tarihin Bertha Benz, Matar da Ta Fito da Mota Kan Hanya

Masu sha'awar tsofaffin motocin Marsandi ba sa gajiya da yabon 300 SL ta 1954, mai ƙofofin da ke buɗewa sama kamar fikafikai. Kaɗan ne ke tunawa da matar da ta tallafi wannan sana'a tun tana rarrafe.

An haifi Bertha a garin Pforzheim na ƙasar Jamus a 1849. Tun kafin ta auri Karl Benz a 1872, ta zuba dukiyar da iyayenta suka tanadar mata ta aure a maƙerarsa, wadda ke neman durƙushewa. A 1886 Karl ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku, amma kasuwa ta ƙi.

Wata rana da asuba cikin Agusta 1888, ba da sanin maigida ba, Bertha ta ɗauki 'ya'yanta biyu, Eugen da Richard, suka tuƙa motar daga Mannheim zuwa wurin mahaifiyarta a Pforzheim, kimanin kilomita 106. Lokacin babu gidan mai, sai a kantin magani na garin Wiesloch ta saya. Da bututun mai ya toshe, da tsinken hularta ta zungure shi. Birki ya cinye, ta sa baduku ya lulluɓe shi da fata. In sun zo hawan tudu kuwa, dole a sauka a tura. Sai da dare suka isa.

Labari ya bazu, mutane suka ga ashe motar ba abin wasa ba ce. Karl kuma ya ƙara mata giyar hawan tudu.

A 1926 kamfanin Benz ya haɗe da na Daimler, aka sami Mercedes-Benz. Bertha ta rasu a Ladenburg a 1944, tana da shekara 95.