Adolf von Baeyer, yaron da ya sayi shuni da kuɗinsa

A wannan fitowa, filinmu na tarihin mashahuran mutane ya leƙa ƙasar Jamus. Mun zaɓi wani masanin kimiyya mai suna Adolf von Baeyer, ana furta sunan kamar Baya. Dalilinmu biyu ne. Na ɗaya, ya soma bincikensa yana da shekara 13, wato sa'an yawancinmu 'yan aji biyu. Na biyu, abin da ya bincika abu ne na gida, wato shuni.

Kafin mu shiga tarihinsa, bari mu tuna yadda ake rini a ƙasar Hausa. Ana yanko ganyen baba, a daka, a dunƙule, a shanya. Sai marini ya zuba shi a ramin marina tare da ruwa da toka, ya bar shi kwanaki har ya ruɓa, yana motsawa. Idan aka tsoma zane aka ɗago, da farko launinsa kore-kore ne, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi. Da haka ake rina turkuɗin da wasu kakanninmu suke ɓoye a adaka har yau. Marinar Ƙofar Mata a Kano ana lissafa kafuwarta tun 1498. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya isa Kano a 1851, ya rubuta cewa ana kai rinannun tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus.

A lokacin da Barth yake Kano, Baeyer ɗan makaranta ne a can ƙasarsu. An haife shi a birnin Balin ranar 31 ga Oktoba 1835. Mahaifinsa babban hafsan soja ne mai aikin awon ƙasa, mahaifiyarsa kuwa ta rasu tun yana ƙarami. Yaro ne mai yawan gwaje-gwaje. Da ya cika shekara 13, sai ya sayi dunƙulen shuni na tala biyu, kuɗin ƙasarsu na wancan zamani, ya kai gida yana ta gwada shi. A lokacin Turawa daga Indiya suke sayo yawancin shuninsu, kuma da tsada.

Bayan sakandare ya shiga jami'ar Balin ya karanta lissafi da fiziks. Daga baya ya koma garin Heidelberg ya koyi kemistiri a wurin Robert Bunsen, wanda ake kiran murhun ɗakin gwaji da sunansa. Ya kuma yi karatu a hannun August Kekulé. Ya sami digirin dakta a 1858, sannan ya zama malami a wata makarantar koyon sana'a a Balin, inda albashi bai taka kara ya karya ba.

A 1865 ya koma kan shuni gadan-gadan. Tambayarsa ita ce: mene ne ainihin abin da ke cikin shuni, kuma yaya ƙwayoyinsa suke a jere? Ba a ganin waɗannan ƙwayoyi da ido, ko da madubin likita. Don haka sai ya riƙa farfasa shuni da sinadarai, yana duba abin da ya fito, sannan ya yi ƙoƙarin sake haɗawa. Kamar a ba mutum rediyo ne ya kwance shi, ya gane kowane ƙarfe, ya mayar har ya yi magana. A 1880 ya samo hanyar haɗa shuni a ɗakin gwaji ba tare da ganyen baba ko ɗaya ba. A 1883 ya zana yadda ginin shuni yake. Kowace ƙwayar shuni tana ɗauke da kabon 16, haidurojin 10, naitirojin 2 da oksijin 2. Mun yi lissafi, daga 1865 zuwa 1883 shekara 18 ke nan a kan abu guda. Lallai mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Irin wannan ilimi ne ya bayyana abin da ke faruwa a ramin marina. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Ruɓar da yake yi cikin ruwan toka ita ke juya shi ya narke, ya shige cikin zare. Da zarar iska ta taɓa shi, sai ya koma shuɗi, ya maƙale a ciki. Marinanmu sun ƙware a wannan aiki ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Baeyer. Abin da ya ƙara shi ne tambayar dalili da rubuta amsa.

Hanyar Baeyer ta yi tsada, ba ta iya gasa da shunin gona ba. Sai da wani masani, Karl Heumann, ya samo wata hanya a 1890, sannan kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin masana'anta kasuwa a 1897. Shi kuwa Baeyer yana koyarwa a jami'ar Munik tun 1875, ya yaye ɗalibai masu yawa. An ba shi kyautar Nobel ta kemistiri a 1905 saboda aikinsa a kan rini da sinadarai. Ya rasu ranar 20 ga Agusta 1917, yana da shekara 81.

Amma labarin yana da ɓangare mai ɗaci. Da shunin masana'anta ya yi araha, noman baba a Indiya ya durƙushe kafin 1914. A ƙasarmu ma galura da yadin kanti sun janye wa marina masu saye a hankali, ramuka da yawa sun bushe, 'ya'yan marina sun kama wasu sana'o'i. Yau idan ka sayi wandon jins a kasuwar Bagudo, ko cikin gwanjon da ke shigowa daga ƙasar Benin, shuɗin da ke jikinsa shuni ne, sai dai na masana'anta. Launin da kakanninmu suka sayar wa duniya, shi muke saya yanzu daga waje.

Da muka tattauna a kulob, wasunmu sun ce Baeyer ya cuci marina. Wasu suka ce ba laifinsa ba ne, tambaya ya yi ya nemi amsa. Abin da muka yarda a kai shi ne, sana'ar da masu ita ba su bincike a kanta, wani zai bincika ya ci ribarta. Muna da bagaruwar da ake jima da ita, da lalle, da karan dafi, da auduga. Wa ya san abin da ke cikinsu a cikinmu?

Saboda haka muna roƙon malaminmu na kimiyya ya taimaka mana mu gwada rinin baba a bokiti a wannan zango. Duk wanda ya san inda baba yake fitowa a kewayen Sharabi, ko yake da kakan da ya taɓa rini, ya same mu ranar taron kulob. Za mu manna sakamakon a wannan allo. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.