Betty Holberton: Matar da ta ƙirƙiro dabarar tsayar da kwamfuta don gano kuskure

Duk manhajar da ke cikin wayarka, kafin ta iso hannunka sai da masu rubuta ta suka tsayar da ita sau da yawa tana tsakiyar aiki, suka leƙa cikinta suna neman kurakurai. Wadda ake danganta wa asalin wannan dabara wata Ba'amurkiya ce mai suna Betty Holberton, wadda ta yi shekaru masu yawa duniya ba ta san da aikinta ba.

An haifi Frances Elizabeth Snyder ranar 7 ga Maris, 1917 a birnin Filadelfiya na Amurka. Ta shiga Jami'ar Fensilbeniya da sha'awar lissafi, amma tun a ranar farko wani malamin lissafi ya nuna mata cewa gara ta koma gida ta yi rainon 'ya'ya. Sai ta karanci aikin jarida, daga baya ta yi aiki da mujallar manoma ta Farm Journal.

Yadda yaƙi ya buɗe mata ƙofa

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka na buƙatar jadawalin da ke nuna inda harsashin igwa zai faɗa idan aka harba shi. Da yake maza sun tafi fagen daga, sai aka ɗauki mata masu ƙwarin lissafi su yi aikin a makarantar injiniya ta Moore da ke jami'ar. Betty na cikinsu. Lissafin hanyar harsashi ɗaya kan ci fiye da awa 20.

A 1945 aka zaɓe ta da wasu mata biyar domin su tsara aikin ENIAC, wata ƙatuwar kwamfuta mai nauyin kimanin tan 30, wadda ke da ƙwayayen lantarki masu kama da ƙwan fitila kusan 18,000. Da farko ba a bari ma sun ga na'urar ba saboda dalilan tsaro, zanen tsarinta kawai aka miƙa musu, daga nan suka koyi yadda take aiki.

A lokacin ba a rubuta wa kwamfuta umarni kamar yanzu. Ana jona wayoyi ne a murɗa makunnai, sai saƙon lantarki ya bi waya daga wannan sashe zuwa wancan. Idan amsa ta fito ba daidai ba, gano inda aka kauce babban aiki ne. Dabarar da aka san Betty da ita ita ce zare waya ɗaya a daidai wurin da ake zargi. Saƙon na isowa nan sai ya rasa hanya, na'urar ta tsaya cak, a duba lambobin da take riƙe da su, sannan a mayar da wayar.

Ana gobe za a nuna ENIAC ga manyan baƙi a Fabrairun 1946, lissafin ya ƙi tsayawa ko bayan harsashin ya taɓa ƙasa. Da ta kwana da abin a ranta, Betty ta gane makunni ɗaya ne aka saita ba daidai ba, ta gyara shi da safe. Baje-kolin ya yi armashi, amma ba a gayyaci matan liyafar da aka yi bayansa ba.

Yadda dabarar take aiki a yau

Yanzu babu wayar da za a zare, domin umarnin manhaja jerin lambobi ne da ke zaune a ma'adanar kwamfuta. Amma tunanin bai canja ba. Mai rubuta manhaja zai nuna layin da yake so a kafa shingen bincike, sai wata manhaja ta farautar kurakurai, irin su GDB, ta je wurin a ma'adana.

A kwamfutoci masu injin Intel ko AMD, za ta kwafe bayit na farko na umarnin, wato ƙaramin ma'aunin bayanai na kwamfuta, ta adana shi a gefe. A gurbinsa sai ta rubuta lamba 204, wadda injin ya sani a matsayin umarnin dakatawa mai suna INT 3. An yi umarnin da bayit ɗaya tak ne domin ya shiga kowane gurbi ba tare da ya taka umarnin da ke biye ba.

Da injin ya iso wurin sai ya dakata, ragama ta koma hannun mai bincike, ya duba abin da yake son dubawa. Idan za a ci gaba, manhajar farautar za ta mayar da bayit na asali, ta ja injin baya da taki ɗaya, ta bar shi ya aiwatar da wannan umarnin kaɗai, sannan ta sake dasa 204 domin shingen ya kama zagaye na gaba. Injin ARM da ke cikin yawancin wayoyin hannu ma yana da nasa umarnin dakatawa mai irin wannan aiki.

Sauran ayyukanta

A 1947 Betty ta koma kamfanin da John Mauchly da Presper Eckert, maƙeran ENIAC, suka kafa. A can ta taimaka wajen tsara umarnin kwamfutar UNIVAC, ta kuma rubuta wata manhaja da ke samar da wasu manhajojin na jera bayanai, abin da ba a saba gani ba a farkon shekarun 1950.

Ta auri John Holberton a 1950, suka haifi 'ya'ya mata biyu. A 1953 ta koma wata cibiyar bincike ta sojojin ruwan Amurka, ta shiga cikin waɗanda suka yi aikin harshen kwamfuta na COBOL, wanda har gobe wasu bankuna ke amfani da shi. Daga 1966 ta yi aiki da hukumar kula da ma'auni ta Amurka, inda ta sa hannu wajen daidaita ƙa'idojin harshen FORTRAN.

A 1997, tana da shekara 80, aka ba ta lambar yabo ta Ada Lovelace, aka kuma karrama ta tare da abokan aikinta biyar na ENIAC. Ta mutu ranar 8 ga Disamba, 2001 a garin Rockville na jihar Maryland, tana da shekara 84.