Ray Bradbury: mai tallan jarida da labaransa suka shiga gidaje ta kaset

Masu karatu, yau za mu ba ku tarihin wani ba'amurke da ya fara neman abinci a bakin titi. Sunansa Ray Bradbury. An haife shi ranar 22 ga Agusta 1920 a garin Waukegan, jihar Illinois. Talauci ya koro iyayensa zuwa Los Angeles a 1934.

Da ya gama sakandare a 1938 babu kuɗin jami'a. Sai ya kama tallan jarida a wata mahaɗar hanya, har zuwa 1942. In ya tashi daga talla sai ɗakin karatu na gari, inda ba a biyan ko sisi. Can ya yi jami'arsa. A 1941 aka fara sayen labarinsa, aka biya da dalar Amurka (ba dalarmu ta nan ba), su biyu da abokin rubutunsa.

Matan kasuwa, ga rabonku. Marguerite tana tsaron wani kantin littattafai lokacin da ya shigo, an ce har ta yi masa kallon ɓarawo. A 1947 suka yi aure. Ita ta riƙa fita aiki tana ɗaukar cefane, shi yana gida yana rubutun da bai kawo kuɗi mai yawa ba tukuna. Sun haifi ƴaƴa mata 4. A ganinmu, ba a yawan ba ta haƙƙinta in ana tarihin nan.

Yara sun hana shi sakat a gida, sai ya gano wani ɗaki ƙarƙashin ɗakin karatun jami'ar UCLA inda ake hayar keken rubutu, santi 10 kowane rabin awa. Kwana 9 ya yi, ya kashe dala 9 da santi 80. Abin da ya rubuta shi ya zama Fahrenheit 451 a 1953, labarin wata ƙasa inda aikin ƴan kwana-kwana shi ne ƙona littattafai. Bafaranshe François Truffaut ya mai da shi fim a 1966.

Amma ƙarfinsa yana ga gajerun labarai: na tafiya duniyar Mars, na zamanin da bai zo ba. Nan ne telebijin ta ba shi haushi. A 1980 tashar NBC ta yi fim da littafinsa The Martian Chronicles, ya fito fili ya nuna bai gamsu ba. Wanda ya taɓa ba wani ajiyar kaya ya tarar an sauya su ya san wannan ciwo.

Sai ya tsaya a kan kayansa da kansa. Daga 1985 zuwa 1992 aka nuna The Ray Bradbury Theater, kashi 65, da farko a tashar HBO, daga baya a USA Network. Shi ya rubuta kowane kashi, kuma shi ke buɗe shirin daga ofishinsa mai cike da tarkace. A ciki akwai labarin maharbin da ya koma zamanin da, ya taka malam-buɗe-littafi guda, ya dawo ya tarar har sakamakon zaɓe ya sauya. Akwai na yara biyu da bangon ɗakinsu ke nuna zakunan Afirka, har suka fi son bangon a kan iyayensu. Kuɗin shirin ba su da yawa, wasu dodannin ma dariya suke ba mutum, amma labaran sun tsaya da ƙafarsu. An sayar da wasu a kaset ɗin bidiyo, daga baya aka haɗa duka 65 a faifan DVD.

Mutumin da ya yi ta rubuta roka bai taɓa tuƙa mota ba. Shanyewar jiki ta kama shi a 1999, ya ci gaba da faɗa wa ɗiyarsa labarai ta waya tana rubutawa. Marguerite ta rasu a 2003, shi kuma ranar 5 ga Yuni 2012, yana da shekara 91. A watan Agustan shekarar, hukumar NASA ta sa sunansa ga wurin da na'urarta Curiosity ta sauka a Mars.